Sunan Zahra'u: Fure Ne Ko Haske?

 

A cikin sunayen mata da muke raɗawa ranar bakwai, kaɗan ne suka kai Zahra'u yawa. Wata a kira ta Zahra, wata Zara, wata Zahara, wata kuma a haɗa mata da Fatima. In ka tambayi uban jaririya ma'anar sunan, amsar da za ka ji kusan kullum ita ce fure. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai rabi ce. A 'yan shekarun nan kuma mun fara jin wasu maganganu daga matasa masu duba ma'anar sunaye a waya. Wannan ya ce sunan yana nufin guba. Wancan ya ce sunan tauraruwa ne da arna ke bauta wa. Wani kuma ya ce ai sunan 'yan wata ɗariƙa ne, bai dace da Ahlus Sunna ba. Har ta kai akwai iyayen da ke ja da baya daga sunan da kakanninsu suka ɗauka. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawun sunan nan daga tushe, ɗalibai su san abin da za su faɗa in an tambaye su.

Mu fara da allo. Tushen kalmar haruffa uku ne: zaira, ha kuri da ra (ز ه ر). Asalin ma'anarsu a wurin Larabawa shi ne haske da sheƙi da tsabtar launi. In fitila ta kama da kyau sai su ce zahara. Daga nan ne aka kira huda da furen tsiro zahra, domin shi ne abin da ya fi ɗaukar ido a jikin ganye. Wasu malaman lugga ma sun bambanta, suka ce farin fure sunansa nauru, rawaya kuwa shi ne zahru. Kun ga naurun nan ma ɗan'uwan nuru ne, wato haske. Sau biyu ke nan Balarabe yana kallon fure yana kiran sa da sunan haske.

To, daga wannan tushe sunaye uku na mata suka fito, kuma kowanne da rubutunsa. Na farko Zahra (زَهْرَة), mai ƙarewa da ta kuri. Shi ne fure guda ɗaya. Na biyu Zahra'u (زَهْرَاء), mai ƙarewa da alif da hamza. Wannan siffa ce, ta macen azharu, kamar yadda hamra'u take ta macen ahmaru, baila'u ta macen abyalu. Ɗaliban sarfu sun san wannan ma'auni na launuka ne. Saboda haka Zahra'u na nufin mai haske, mai sheƙin fuska. Na uku Zuhra ko Zuhara (زُهَرَة), sunan tauraruwar nan mai tsananin haske, wadda za mu dawo kanta. A Larabci babu mai rikita su. Rikicin yana farawa ne in an mayar da su boko.

A Alƙur'ani kalmar ta zo wuri ɗaya tak, a Suratu Ɗaha, aya ta 131, inda Allah ya hana Annabi (SAW) miƙa idanunsa ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi, ya kira wannan ƙawa furen rayuwar duniya. Malaman tafsiri sun ce an kamanta duniya da fure ne saboda kyansa da kuma saurin yanƙwanewarsa. A hadisi kuwa ɓangaren haske ne ya fi fitowa. Cikin Sahihu Muslim an kira Baƙara da Ali Imrana Azzahrawaini, wato masu haske guda biyu, kuma wannan tasniyar Zahra'u ce kai tsaye. Anas ɗan Malik, da yake siffanta launin Manzon Allah (SAW) a ruwayar Bukhari, da kalmar azharu ya siffanta shi. Tun kafin Musulunci ma tushen nan yana cikin sunayen Ƙuraishawa. Banu Zuhra su ne dangin Amina 'yar Wahbi, mahaifiyar Annabi (SAW), kuma daga cikinsu ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdurrahman ɗan Aufu suka fito, haka ma Imam Zuhri, malamin Imam Malik, wanda ya rasu shekara ta 124 bayan hijira. Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ya sha wucewa ta kan sunansa a matsayin Ibnu Shihab.

Abin da ya kawo sunan gidajenmu dai ba lugga ba ce, Nana Fatima ce, Allah ya ƙara mata yarda. Sunanta na yanka Fatima, Azzahra'u lakabi ne. An ɗaura mata aure da Sayyidina Ali a shekara ta biyu bayan hijira, ta haifi Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum, ta rasu a shekara ta 11, wata shida bayan wafatin mahaifinta. Mu kuma a al'adarmu kowane babban suna yana tafe da inkiyarsa: Abubakar Sadiku, Umaru Faruku, Ibrahim Halilu, Hadiza Kubura, A'isha Humaira. Fatima ta samu fiye da ɗaya, don Binta ma tata ce, Batula ma tata ce. Alkunya ta taimaka ƙwarai wajen yaɗuwar waɗannan lakabai. Mutum ya sa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsa Fatima, ba shi da bakin kiran sunan a tsakar gida, matarsa ma ba ta da shi, sai a koma Zahra'u. A hankali lakabi ya tsaya da ƙafarsa, har ake raɗa shi shi kaɗai.

Masu cewa lakabin na wani ɓangare ne, sai su buɗe Al'isaba na Hafiz Ibnu Hajar, wanda ya rasu shekara ta 852 bayan hijira. Da ya zo kan tarihinta, da Fatima Azzahra'u ya buɗe. Ibnu Hajar kuwa shi ne mai Fathul Bari da Bulugul Marami, littafin da yaranmu ke haddacewa. Son 'yar Annabi ba gadon wata ƙungiya ba ne, kuma bai kamata gardamar zamani ta raba mu da sunan da malaman hadisi suka rubuta da hannunsu ba.

Gaskiya ne dai an taɓa yin siyasa da sunan, kuma nan ne tarihinsa ya fi daɗin bi. A ƙarni na huɗu na hijira duniyar Musulmi ta wayi gari da halifofi uku a lokaci ɗaya. Abbasiyawa na Bagadaza. Faɗimiyawa, masu danganta kansu ga Nana Fatima, sun kafa daularsu a 909 a ƙasar da yau ake kira Tunisiya. A Andalus kuma, wato kudancin Spaniya, Abdurrahman na Uku na Banu Umayya ya ga ba zai zauna a matsayin amir ba alhali maƙwabtansa na tsallaken teku suna amsa sunan halifa, sai shi ma ya ɗauki sarautar a 929. Halifa a wancan zamani yakan gina sabon birni don a san da shi. Faɗimiyawa sun gina Mahdiyya a bakin teku. Abdurrahman kuwa, a wajen shekara ta 325 bayan hijira, wato 936, ya aza harsashin wani birni a gindin tsauni, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, ya sa masa suna Madinatuz Zahra'i.

Akwai labarin da ake so a ji game da wannan suna. Maƙƙari, malamin Tilimsan da ya rasu a Alƙahira a 1632, ya kawo shi cikin Nafhuɗ Ɗibi. Wai wata ƙwarƙwarar halifa ce ta rasu ta bar dukiya mai yawa, aka ce a fanshi Musulmin da ke tsare a ƙasashen Nasara da ita, aka nema ba a samu ko ɗaya ba. Sai wata baiwa da yake matuƙar so, mai suna Zahra'u, ta roƙe shi ya gina birni da kuɗin ya sa masa sunanta. Da aka gama, ta zauna ta dubi farin gini a jikin baƙin tsauni, abin bai yi mata ba. Halifa ya so a kawar da tsaunin gaba ɗaya, mashawarta suka ce wannan ya fi ƙarfin ɗan'adam, sai ya sa aka sare itatuwan da ke kai aka dasa ɓaure da lauzu, itacen nan mai farin fure, don tsaunin ya yi fari in lokacin huda ya zo. Labari mai daɗi, amma tsakanin Maƙƙari da ginin birnin akwai kusan shekara 700, kuma masana tarihi na yanzu ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne sunan na nufin Birni Mai Haske, kuma wasunsu na ganin martani ne ga Faɗimiyawa: ku da kuke taƙama da Azzahra'u, ga tamu Zahra'un. Mu ma nan muka fi karkata, domin sarkin da ke gasa da daula ba ya zaɓen sunan fadarsa da wasa.

An gina birnin hawa-hawa a jikin tsauni, fada a sama, lambuna a tsakiya, masallaci da gidajen jama'a a ƙasa, faɗinsa ya haura hekta 100. Marubuta sun ba da labarin ginshiƙan marmara da aka kwaso daga nesa, da wani zaure mai kwarmin zaiba a tsakiya, wanda in rana ta faɗa kansa aka motsa shi sai haske ya riƙa walƙiya a bango har baƙi su firgita. A nan halifa da ɗansa Hakam na Biyu suka karɓi jakadun sarakuna. Bayan Hakam, waziri Mansur ɗan Abi Amir ya riƙe mulki a madadin ƙaramin halifa, ya gina nasa birnin a gabashin Ƙurɗuba, ya kira shi Madinatuz Zahira, daga tushe ɗaya, don kada a ce nasa bai haskaka ba. Duka biyun ba su yi tsawon rai ba. Fitina ta ɓarke a 1009, aka washe Zahira aka rushe ta har yau ana neman takamaiman wurinta. A 1010 sojoji suka afka wa Zahra'u suka ƙone ta. Shekara saba'in da 'yan kai ke nan daga aza harsashi. Mutane suka yi ta kwasar duwatsunta suna gini da su, ƙasa ta rufe sauran, sai a 1911 aka fara tono. Hukumar UNESCO ta sa kangon cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Mai karanta ayar Suratu Ɗaha in ya ji labarin birnin nan ba ya buƙatar dogon tafsiri.

Abin da ya tsira daga birnin shi ne nisbar wani likita. Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Azzahrawi, wato mutumin Zahra'u, ya rasu wajen 1013. Littafinsa Attasrif maƙala 30 ne, ta ƙarshe a kan tiyata, da zanen kayan aiki kusan 200, har da bayanin ɗinke rauni na cikin jiki da zaren hanjin dabba. A ƙarni na 12 aka fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da ita, suna kiran mawallafin Albucasis, wato Abul Ƙasim da harshensu ya karya.

Faɗimiyawa su ma ba su zauna ba. A 969 kwamandansu Jauhar Assiƙilli ya ci Masar ya kafa Alƙahira. A 970 ya fara ginin babban masallacinta, aka yi Juma'ar farko a ciki cikin Ramadan na 361 bayan hijira, daidai da 972. Da farko Masallacin Alƙahira ake ce masa, daga baya sunan Al'azhar ya rinjaya, kuma abin da ya shahara shi ne an kira shi haka ne don girmama Azzahra'u. Azharu dai shi ne namijin Zahra'u, kamar yadda muka faɗa. Da Salahuddin Ayyubi ya kawo ƙarshen daular a 1171, aka daina huɗuba a masallacin kusan shekara 100, sai a zamanin Sarki Baibars, shekara ta 665 bayan hijira, aka dawo da Juma'a. Daga nan ya zama babbar cibiyar karatun mazhabobin Sunna, har da ɓangaren kwana na ɗaliban Barno a cikin ruwaƙansa. Yau ɗan unguwarmu in ya dawo daga Masar da shahada muna ce masa Azhari. Shi da ƙanwarsa Zahra'u haruffa uku ɗaya suke ɗauke da su, ko sun lura ko ba su lura ba.

Yanzu mu dubi abin da ya sami kalmar a bakin wasu al'ummu. Musulmi sun bar Spaniya amma ita ta zauna. Har yau mutanen can suna kiran furen lemo azahar, daga azzahru, kangon birnin nan kuma Medina Azahara suke ce masa. A Maroko da Sham akwai ma'uz zahri, ruwan furen lemo da ake ɗiga wa kayan zaƙi. Ɗalibi zai ce, ashe sallar azahar ma daga nan take? A'a. Azahar ɗinmu daga zuhru ce, da zadi (ظ), harafin da ke cikin zahiri da bayyana. Boko ne ya haɗa su a harafi ɗaya. Haka ma sahara, da sadi da ha ƙarami take, ba ta da alaƙa da sunan. Saratu kuma daga Ibrananci ne, sunan matar Annabi Ibrahim, ma'anarsa gimbiya.

Maganar guba kuwa daga Farisanci ta fito. A can zahr guba ce, kuma Urdu da Turkanci sun ara, Turkawa na cewa zehir. Ana rubuta ta da haruffa ukun nan dai, amma kalmar Farisa ce tun asali, haɗuwar rubutu ce kawai. A Farisancin ma akwai zahre, wato matsarmama, wadda suke kinaya da ita ga jarumta. Duk da haka Zahra na cikin sunayen matan da suka fi yawa a Iran, kuma babu wanda ke jin guba in an kira shi. In da za mu bi wannan hanya ta ƙin suna saboda abin da yake nufi a wani bakin, to a kasuwannin Sham zahra farin kabeji ne, a Masar kuma shuɗin wanki ma zahra ake ce masa. Ibrananci kuwa, da yake ɗan'uwan Larabci ne na jini, yana da tushen da ma'anarsa: zohar a wurinsu haske ne, har akwai wani sanannen littafin Yahudawa mai wannan suna da ya bayyana a Spaniya a ƙarshen ƙarni na 13. Turkawa na da Zehra da Zühre, mutanen Aljeriya da Maroko na da Zohra.

Turawa ma suna da Zara. Sunan ya fito a wani wasan kwaikwayo da aka yi a Ingila a 1697, inda aka ba wata sarauniya da aka kamo daga Afirka ta Arewa wannan suna, kuma masu binciken sunaye da dama suna mayar da shi ga Larabci. Ya ƙara yaɗuwa bayan 1981, da aka sa shi ga jikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Zara ta jikin ledar tufafi dai daban ce. Mai kamfanin ya buɗe shagonsa na farko a Spaniya a 1975, ya so ya kira shi Zorba, ya tarar wata mashaya a kusa ta riga shi, sai ya juya haruffan da aka riga aka ƙera masa.

Saura tauraruwa. Bahaushe ya ari Zuhra ya mayar da ita Zara, ya yi mata kirari da matar wata. Waswahili na ce mata Zuhura, Farisawa Zohre. Dalilin kirarin a fili yake ga duk wanda ya taɓa fita duban wata. Wannan tauraruwa tana zagaya rana ne ta cikin da'irar da ta fi tamu kusa da ita, saboda haka ba ta yin nisa da rana a sama. Ko dai a gan ta a yamma bayan magariba, ko a gabas kafin fitowar rana. Jinjirin wata kuma a yamma yake tsayawa bayan faɗuwar rana, sai a gan su gefe da gefe. In ta koma gabas da asuba muna ce mata gamzaki, alhali abu ɗaya ne, kuma tana kammala wannan kai-komo cikin kwana 584. Bayan rana da wata babu abin da ya fi ta haske a sama, shi ya sa Larabawa suka ba ta wannan suna. Rumawa ne suka kira ta da sunan gunkiyarsu Venus. Sunan Larabci siffar haskenta kawai ya faɗa.

Akwai kuma tatsuniyar da ta shiga wasu littattafan tafsiri a ƙarƙashin aya ta 102 ta Baƙara, cewa wai Zuhra mace ce da ta fitini Haruta da Maruta, aka mayar da ita tauraruwa. Ibnu Kasir ya bi hanyoyin ruwayar ya nuna cewa labarin yana komawa ne ga Ka'abul Ahbar, daga labaran Banu Isra'ila, ba maganar Annabi (SAW) ba ce. Ba a gina hukunci a kan irin wannan, balle a ce za a ƙyamaci suna saboda shi.

Inda muke da gyara na gaske shi ne wajen takarda. A garuruwan da hukuma ke rubutu da Faransanci, da zangunan da ake rubutu da Turanci, ma'aikacin da ke cike takardar haihuwa abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Yarinya ɗaya sai ta tashi da Zara a takardar haihuwa, Zahra a ta makarantar boko, Zaharaou ko Zaharawu a katin shaida, kuma ranar da za ta nemi fasfo na aikin hajji ko gurbin karatu a waje, sai a ce takardun ba na mutum ɗaya ba ne. Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin ranar suna a zauna da liman a tantance wanne ake nufi cikin ukun. In fure ake so, Zahra ce da ta kuri. In lakabin 'yar Manzo ake nufi, Zahra'u ce da hamza, kuma ya fi kyau a haɗa da Fatima. Liman ya rubuta sunan da Larabci da boko a takarda ɗaya ya ba uban, shi kuma ya tafi da ita ofishin rajistar haihuwa ya miƙa wa ma'aikacin ya kwafa harafi da harafi.